Jakar Ɗorin Baba

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa daga Tawa. Ina gajiya, yaya iyali da sanyin can? Mu nan lafiya lau.

Albishirinka, Baba ya daina fushi da karatun ƙanwarmu Zainabu. Da ta zo hutu, ta nuna masa a waya guringuntsin ɗan tsakon cikin ƙwai da take reno a kwanon gilashi, har ya fara zama ƙashi. Sau uku yana sa ta maimaita. Ya ce, "Shekara arba'in ina ɗori, sai yau na ga ƙashi yana girma."

Jiya ya miƙa mata jakar ɗorinsa, wadda ya hana mu taɓawa.

Gai da yara, ka sa ta a addu'a. Ni kuwa har yau ban taɓa jakar ba.

Ƙanenka,
Idi