Ruwan Gashin da Na Ƙara Miki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ɗiya ga uwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Shekara huɗu ke nan da anka kai ki makwancinki nan Wurno, amma sai makon jiya na san abin da na yi miki.

Kin tuna ƙafarki? Kullum kina cewa kamar an barbaɗa mata tonka mai yaji, wani lokaci kuma kamar kina taka auduga. Kowa yac ce sanyi ne, na shiga ruwan fadama wajen dashen albasa. Ni ka yi miki gashi. In dafa ruwa, in tsoma tsumma, in tambaye ki ko ya yi. Maganarki guda ce: "Ƙara, ɗiyata, ban ji komi ba." Sai in ƙara. Har fariya nake yi wai uwata jaruma ce! Da fatar ta saɓule munka ce sanyin ne ka fita. Gyambon nan ne ya kwantar da ke.

Dunduniyata ce ta kai ni asibiti, Inna. Ma'aikaciyar, wata Malama Saratu mutuniyar Zuru, ta tambaye ni ina ne ka ciwo, kuma yaushe. Tac ce nawa mai sauƙi ne, tunda takun farko na safe ne ya fi zafi: yawan tsayuwa ne da mataccen silifa. Tac ce ciwon gwiwa daban, wanda ka sauko daga ƙugu daban. Amma ƙafar da ka raɗaɗi alhali ba ta jin taɓi, a auna sukari, kuma kada a kusanto ta da ruwan zafi, don za ta ƙone mai ita bai sani ba.

Wallahi nan take na tuna da ƙafarki. Ke kaɗai ce? Babban ɗanki, Yaya Umaru, wata biyu ke nan shina kukan ƙafa a Lahodu, matatai na yi mishi gashi. Ni kuwa na koya mata.

Ko gida ban koma ba, na hau kabu-kabu. Na iske ƙaya lume a tafin ƙafarshi, bai ma san da ita ba, ƙaramin yatsa ya yi baƙi. Kin san shi da taurin kai. Wai sanyin gado ne, mi asibiti za ta yi mishi? Sai na faɗa mishi gaban matatai cewa hannuna ne ya ƙone ki. Na yi kuka har na ba kaina haushi. Sai ya aika a ɗauko mishi hula, munka tafi asibiti.

Sukari ne, Inna. An cire yatsan. Sauran ƙafar sun ce sai sun ga yadda ciwon ya yi nan da kwanaki, kuma har yau Yaya bai iya duban idona.

Ki yafe mini, Innata. So ne ya sa, da rashin sani.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yalwata miki shi. Allah ya bar wa Umaru ƙafar da zai taka zuwa gona.

Autarki mai neman gafara,
Balkisu