Hajiya, An Rufe Ɗakin Reno

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Hajiya Shugaba.

Bayan gaisuwa irin ta ɗaliba ga malamarta, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahama, ya yalwata miki makwanci. Shekara uku ke nan da rasuwarki. Na san takarda ba ta zuwa inda kike. Amma maganar ta cika min ciki, na kuma gaji da yin ta ƙasa-ƙasa a ofis, shi ya sa na rubuta ta a fili. Wanda ya karanta, ya karanta.

Ni ce Hajara 'yar Buji. Wata goma sha ɗaya ke nan da aka ba ni riƙon ƙwaryar kwalejin mata da kika shugabanta shekara goma sha huɗu a nan Dutse. Wanda ya gaje ki shekara biyu ya yi aka canza masa wurin aiki. Yanzu a kujerarki nake zama. Har yau in zan shiga ofishin sai na yi sallama.

Kin tuna ranar da na fara zuwa? Na sauko daga bas da takardar shiga makaranta a hannu, 'yata Zainabu tana bayana, watanta huɗu a duniya. Magatakarda ya dube ni, ya dubi goyon, ya ce ba a shiga aji da jariri, in koma gida sai na yaye ta. Na fito na zauna a gindin dabinon da ke gaban ofis ina kuka. A rugarmu ni ce mace ta farko da ta gama sakandare. Baffa da maigidana sun sha surutun dangi kafin su bar ni in taho. Na rasa bakin da zan koma in ce musu an koro ni.

Kika fito za ki shiga mota, kika gan ni. Ba ki tambayi abin da ya faru ba, kin riga kin gane. Kika ce in kwanto yarinyar, kika saɓa ta a kafaɗa, kika ce, "Je ki cike takardunki. Ni ma uwa ce." Da na dawo na tarar ta yi miki tumbuɗi a mayafi, ke kuma kina ta sa hannu a takardu da hannu ɗaya.

Kafin sati ya zagayo kin sa an kwashe tarkacen da ke sito na kusa da laburare. Aka share, aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo randa. Kika nemo Iya Talatu daga cikin gari ta riƙa kula da yara. Da jarirai uku aka fara. Haka ɗakin reno ya samo asali.

Daga nan abubuwa suka yi ta biyo baya. Kika ce duk wadda ta haihu a lokacin jarrabawa a jira ta ta yi arba'in, ta zo ta rubuta. Majalisar kwaleji ta so a tsaya a kan girki da ɗinki da koyar da 'yan firamare, kika kafe sai an buɗe sashen kimiyya, don makarantun 'yan mata na ƙauye su samu malamar lissafi mace. Ran Laraba bayan la'asar kikan zauna da mu a tabarma, kowa ta faɗi abin da ke damunta, har laifin malamai, har naki. In ɗaya ta yi magana kai a sunkuye sai ki ce, "Ɗaga murya, ban ji ki ba," alhali kin ji sarai. A wurin nan na koyi magana a gaban mutane.

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa zaton zan faɗa miki ba. Ina ɗan jin haushinki, Hajiya. Da na hau kujerar nan na bi kundin dokokin kwaleji shafi-shafi. Babu ɗakin reno a ciki. Babu jiran mai jego, babu zaman Laraba. Duk a bakinki suke, kwarjininki ne ya riƙe su. Abin da na tarar a durowa shi ne takardun tuhuma da aka yi ta aiko miki a kan waɗannan abubuwa shekara da shekaru, kin jera su tsaf, kin amsa kowace, ba ki taɓa nuna mana ko ɗaya ba. Kin ɗauka kina da sauran lokaci. Mu ma haka muka ɗauka.

Bayan Babbar Sallah masu tantance kwalejoji suka zo. Suka ce mu samar da ɗakin jarrabawa ta kwamfuta kafin su dawo, in ba haka ba za a janye amincewar da aka yi wa karatunmu, takardar shaidar ɗalibanmu ta zama ba ta da amfani a ko'ina. Ɗaki ɗaya ne a kwalejin yake da faɗin da suke so: ɗakin reno, wanda kika ƙara wa girma daga baya.

Shugaban majalisa kin san shi, dattijo ne mai mutunci, ba mugu ba ne. Ya kira ni ya ce, "Malama Hajara, masu goyo nawa ne, marasa goyo nawa ne? Ki duba da kanki." Na duba. Na zagaye kwalejin ɗaki-ɗaki, ban samu inda zan mayar da yaran ba. Mai riƙon ƙwarya ba ta da ikon aza ko bulo ɗaya. Na roƙi a ba ni zango ɗaya, aka ce babu lokaci.

Na sa hannu, Hajiya. Ba wanda ya kama min hannu, ni na sa.

Ranar da aka kwashe kayan ina tsaye a baranda. Aka fito da tabarmi da 'yan katifu da randar nan, aka jingine su a jikin bango. Iya Talatu ta tsufa sosai yanzu, da ƙyar take taka matakala. Ita ta yi min renon Zainabu shekara biyu, kuma tun lokacin Hajaru take ce min, ko a gaban wa. Ta hauro ta miƙo min mukulli da hannu biyu, ta rusuna, ta ce, "Ga shi, ranki ya daɗe." Gara da ta zage ni.

Akwai wata ɗaliba, Rabi, 'yar Ringim. Ba ki san ta ba, bayanki ta shigo. Tana shekarar ƙarshe a sashen kimiyyar da kika buɗe, kuma malamanta sun ce sun daɗe ba su ga mai kai irin nata ba. Ɗanta watansa shida. Sati biyu tana barin sa a wurin mai ƙosai a bakin ƙofa, a cikin hayaƙi da rana, in ya yi kuka ta fito daga aji a guje. Ta tagar ofishina nake hangen ta. A sati na uku ban ƙara ganinta ba. Na kira ta a waya, ta ce, "Ba komai, Malama. Allah bai yi ba." Ko muryarta ba ta yi rawa ba. Bayanta wasu huɗu suka daina zuwa.

Gidan shugaba da ke cikin kwaleji, wanda kika zauna a ciki, a kulle yake, don ba a ba mai riƙon ƙwarya. Amma mukullin yana ofishina. Wata safiyar Litinin na ɗauka na buɗe falon, na sa aka share, aka mayar da tabarmin can. Ban nemi izinin kowa ba, don na san amsar da za a ba ni. Na je har gida na ba Iya haƙuri. Ta ɗauki mayafinta ta biyo ni.

Kwana tara aka yi takardar tuhuma ta iso. An ce na yi amfani da kadarar hukuma ba bisa ƙa'ida ba, in kare kaina a rubuce nan da Litinin mai zuwa. Wata mai kamawa kuma za a zauna a kan wanda za a tabbatar a kujerar.

Ga inda nake ke nan. In na rufe falon, wataƙila a tabbatar da ni, in samu ikon yin gini nan da shekara biyu, amma waɗannan yaran sun riga sun tafi. In na ƙi rufewa, za a kawo wani, kuma ba na jin zai san da zancen jiran mai jego, tunda ba a rubuce yake ba. In na ajiye aikin ma haka ne. Maigidana ya ce in yi haƙuri in lallaɓa har a tabbatar da ni. Abokan aikina da muka zauna a tabarmarki tare suna cewa in tsaya, amma a ofis suke faɗa, bayan sun tura ƙofa. A taron majalisa kowa kansa a ƙasa. Ban ga laifinsu ba, kowa da iyalinsa. Kowace hanya na juya sai in tarar da fuskar wata ɗaliba a tsaye.

Na riga na rubuta amsata. Na amsa cewa ni na buɗe gidan. Na haɗa da daftarin doka, shafi biyu, da zai sa ɗakin reno da jiran mai jego su shiga kundin kwaleji, ko wa ke kan kujera. Mai yiwuwa a saka shi a durowa a manta. Falon dai ban rufe ba, kuma ban san ko jarumta ce ko wauta ba.

Ran Asabar na je Ringim. Mijin Rabi mai sayar da kayan miya ne a kasuwa, ya tarbe ni da mutunci, ya ce shi bai taɓa hana ta karatu ba, yaron ne ba shi da inda za a ajiye shi. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, littattafanta a ɗaure cikin leda a saman taga. Na gaya mata an buɗe wani wurin, Iya tana can, jarrabawa saura sati uku. Ta ɗago daga farantin da ke cinyarta ta ce, "Malama, in na dawo, za a sake rufewa?"

Na so in yi mata alkawari, Umma. Bari in kira ki haka yau, tun ina ɗaliba nake so, kunya ta hana ni. Alkawarin ya zo har bakina, na haɗiye shi. Na ce mata, "Ban sani ba, Rabi. Abin da na sani, yau a buɗe yake." Ta gyaɗa kai. Ta ce za ta shigo motar farko ran Litinin.

To, ran Litinin da safe zan miƙa takardata a ofishin majalisa, ita kuma za ta sauka a bakin ƙofa da ɗanta a baya. Ban san wadda za ta riga wata barin kwalejin nan ba, ni ko ita. Ina dai roƙon Allah ya sa ni ce, ita kuma ta fita da takardarta a hannu.

Allah ya jiƙan ki, Umma. Allah ya sa duk yaron da ya yi barci a ɗakin nan, da duk uwar da ta zauna a aji hankalinta kwance, su zame miki sadaka mai gudana. Allah ya yafe miki kurakuranki, ni kuma ya yafe min hannun da na sa. Ya sada mu a Aljanna Firdausi. Amin.

Taki har kullum,
Hajara
Dutse