Kalar Rigar Larai

Cardiff, ƙasar Wales

Assalamu alaikum, Yaya Larai. Ina gaida maigidanki Usman da 'yata Wejdan. Albishirinki, an ɗauki zanena cikin baje kolin masu zanen Wales na bana. Alfarma ɗaya nake nema: ki turo mini hoton bikinki, wanda kike zaune a kan kosha, dandalin amaryar nan da na haɗa miki.

Ƙaninki, Mahmudu

Nuzla, Jidda

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Mahmudu, ruwa ba ya tsami banza. Shekara da shekaru ba ka tambayi ko hoton ƙofar gidanmu ba, sai yanzu da Turawa za su taru? Wejdan ta nuna mini irin wannan baje koli a waya, mata a rataye jikin bango, maza na tsaye suna ƙare musu kallo. Hoton nan ba mayafi a kaina, Usman kaɗai ya taɓa ganinsa cikin maza. Da kana kafinta kana haɗa wa amare dandalin zama na san aikinka. Wannan na fenti ban yarda da shi ba. Gaya mini gaskiya, fuskata ka yi musu alkawari? Allah Ya shirye ka.

Yayarka, Larai

Cardiff

Yaya, bayan gaisuwa. Wallahi maganarki ta yi mini zafi. Kin san aikin kosha: mu kafa katako, mu ja labule, mu jera fitilu, kafin mata su fara shigowa a ce "yalla, maza waje." Ban taɓa ganin amarya a kan abin da na gina ba. Ranar taki na sa rai zan shigo tare da 'yan rakiyar ango, sai maigidana Nayef ya tura ni wani ɗakin biki a unguwar Waziriyya. Bar hoton. Kalar rigar kawai ki faɗa mini. Ki huta lafiya.

Mahmudu

Nuzla

Mahmudu, muna gaisuwa. Yau kala, gobe tsayin hanci ko? Kai da ka san fuskata tun kana goye, kala kaɗai ta rage maka ka gama. Usman ya ce in ya ga matarsa a bangon Turawa, halas, babu kai babu gidansa. Ni ma haka na ce. Ba zan faɗa ba.

Larai

Cardiff

Yaya, an buɗe baje kolin. Na tura wa Wejdan hoton zanen, ki duba da idonki. Na gaishe ki.

Mahmudu

Nuzla

Ɗan'uwana, assalamu alaikum. Na gani. Koshata ce sak, har furen da ya karkace ta hagu. Kujera babu kowa. Sai wani siririn yaro can a bakin ƙofa, ya juya baya, tsani a kafaɗa, yana fita. Na gane ƙeyarka. Na yi kuka har Usman ya karɓi wayar, shi ma ya ƙura wa zanen ido.

Rigar koriya ce, Mahmudu. Koriya shar, da zare ruwan zinariya a wuya. Hoton kuwa ba zai hau jirgi ba. Ka zo Nuzla ka gan shi a hannuna.

Yayarka, Larai