Na Rufe Kwale-kwalen, Maigida Ya Rufe Bakinsa

Doña Clorinda,

Don Allah ki taimake ni da shawara. Na rasa wanda zan gaya wa wannan magana a ƙauyenmu ba tare da ta zagaye coci kafin Lahadi ba. Abin kunyar ma, ba baƙin ciki ne ya sa na ɗauki biro ba. Murna ce ta cika mini ciki, na rasa inda zan sauke ta a cikin gidana.

Mijina Nibaldo masunci ne tun kafin in san shi. Yana da ƙaramin kwale-kwalen katako mai inji, wanda shi da mahaifinsa suka haɗa da hannunsu, da shi muka raini 'ya'yanmu har suka tafi birni. A watan Maris ya yanke jiki ya faɗi a bakin gaɓa, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Mun gode Allah, baki ya dawo, ƙafa tana tafiya da sanda. Hannun ne dai har yau shiru.

Kin san da Mayu ya kama, maza kan ja jiragensu tudu kafin iskar arewa ta fara haukanta. Bana kowa ya ja nasa, namu yana nan cikin ruwa ɗaure a turke, yana ta rawa shi kaɗai. Ƙanin maigida, Ruperto, ya zo, ya sha shayin mate ɗina, ya cinye wainar dankalina, sannan ya goge baki ya ce, "Yaya, a sayar da shi tun bai ruɓe ba. Wa zai ja maka shi tudu, tsohuwar nan?" Na zaci maigida zai kore shi da sanda. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "A sayar." Wallahi ji na yi kamar an ce a sayar da ɗaya daga cikin 'ya'yana.

Na ɗaura ɗankwali na nufi gidan ƙawata Eudocia, wadda muke tsintar ciyawar teku tare, na ce gayya nake so. Ta shiga gida-gida ta tara matan. Na dafa ƙatuwar tukunya ta naman rago da dankali, maƙwabcinmu Don Belarmino ya ara mini bijimansa biyu, yana cewa shi kallo kawai ya zo yi. Muka jera guma-gumai a kan yashi, muka ɗaura igiya, shanu na ja, mu muna turawa, muna ɗauko gungumen baya muna mayarwa gaba. Mun kai tsakiyar tudun sai igiya ta zame, jirgin ya yo baya, Eudocia ta zauna daɓas cikin taɓo tana ihu, "Ku riƙe shi, mata! Ya fi mazanku nauyi, amma ya fi su amfani!" Dariya ta kusa kashe mu, amma ba wadda ta saki. Da wannan dariyar muka kai shi sama.

Sauran aikin ni na yi. Na kankare ƙananan katantanwar da suka manne a cikinsa, na wanke gishiri da ruwan rijiya, na cire injin muka kai shi bayan murhu. Muka kifa jirgin a kan guma-gumai don kada ya taɓa ƙasa. Na jera sanduna a bayansa don kada tamfol ya manne da katako ya haifar da fumfuna, na lulluɓe, na ɗaure ta ƙasa, na bar ƙofa gaba da baya iska ta riƙa wucewa. Ba wanda ya koya mini. Duk shekarun da nake kai wa maza abinci gaɓa, sun ɗauka tukunya kawai nake kallo.

Sai ga guguwar nan ta Yuli, kin ji labarinta. Ta kwashe kwanon rufin makaranta, ruwa ya hau inda tsofaffi ma ba su taɓa ganin ya hau ba. Tamfol ɗin da Ruperto ya rufe nasa jirgin da shi, a gonar dankalin wani aka tsinto shi. Da iska ta lafa na zura takalmin roba na sauka da gudu. Ga jirginmu nan a inda na bar shi, shuɗin tamfol ɗinsa ko gezau. Na durƙusa na zura hannu ƙasa, katako a bushe ƙayau. Doña, ni mai jikoki, na taka rawa ni kaɗai a cikin yayyafi. Yanzu ko kanti na shiga sai in ji, "Ga Kyaftin nan!" Ruperto kuwa in ya hango ni sai ya tuna ya yi mantuwa a gida.

To ga matsalar. Duk abin nan maigida yana kallo ta taga. Na shigo ina haki ina ba shi labari, abin da ya ce kawai shi ne, "Wancan ƙullin na ɗaure akuya ne, ba na jirgi ba." Tun ranar ya juya kujerarsa ta bai wa taga baya. Zai ci abinci, zai sha magani, amma hira ta mutu. Ga kuma abin da ban gaya wa kowa ba: in sanyi ya wuce, so nake in mayar da jirgin ruwa, mu fita da shi ni da Eudocia. Shin na ci mutuncinsa ne? In ɓoye murnata? Ko in haƙura a sayar, a zauna lafiya?

Mai Shuɗin Tamfol, daga tsibirin Chiloé

*

'Yar'uwata Mai Shuɗin Tamfol,

Kafin komai, sannu da aiki. Ki gaishe mini da Eudocia da sauran matan. Abin da kuka yi ba ƙarami ba ne, kuma kada ki ɓoye murnarki. Ba sata kika yi ba, dukiyar gidanku kika tsare.

Amma ki dubi abin ta inda maigida yake zaune. Mutum ne da ya yi rayuwarsa kaf yana wannan aiki, rana ɗaya ya wayi gari yana kallon ana yi ba shi. Da ya ce a sayar, ba don ya daina son jirgin ba ne, ganinsa ne yake masa ciwo. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa: da ciwon yake fushi, ke ce dai kusa. Inda kika yi kuskure ɗaya ne. Ya faɗi magana a gaban ƙaninsa, kika tsallake ta ba tare da kin zauna da shi ba. Kin yi daidai a kan jirgin, amma kina da haƙuri guda da za ki bayar, ke da shi, ba a gaban kowa ba.

Maganar ƙulli kuwa, ni ban ɗauke ta zagi ba. Wanda ya cire ransa daga abu ba ya hango ƙulli ta taga. Ki ɗauko igiya ki ajiye masa a cinya, ki ce ya nuna miki na gaskiya, shi da hannu ɗaya, ke da biyu. Ranar da rana ta leƙo, ki riƙe shi ku sauka tare. Dama aikin bai ƙare ba: bayan kowace iska mai ƙarfi a duba igiyoyi, a zubar da ruwan da ya taru a kan tamfol, a ɗaga gefe iska ta shiga, a shafa wa inji mai kada ya yi tsatsa. Ki bar shi ya ba da umarni, ko da kin riga kin san amsar. In ya yi faɗa, ki gode Allah, lafiya ce take dawowa.

Batun fita teku, ki gaya masa tun yanzu, kada ya ji a bakin mutane. Kuma ki saurare shi da gaske, don jan jirgi tudu daban, sanin ruwa daban. Ku fara da kusa da gaɓa, ranar da teku ta kwanta, da rigar ceto a jikin kowa. In likita ya yarda, ya zauna a baya yana nuna hanya.

Kada a sayar, ba bana ba. Ruperto kuma ki daina ƙure shi da ido, ki aika masa da wainar dankali, kunyar da ya sha ta ishe shi.

Allah ya ƙara wa maigida lafiya, ya fitar da ku sanyin nan lami lafiya. Ranar da za ku mayar da jirgin ruwa, Allah ya sa muryarsa ce za ta fi ta kowa tashi a gaɓar.

Taki,
Doña Clorinda