Lambobin da Baba Ya Karanta Daga Dama

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Admin, ina roƙon a ɗora wannan saƙo ba tare da sunana ba. 'Yan'uwa mazauna wannan zaure na masu rubuta kod, don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon bayanin, domin idan na gajarta shi ba za a gane inda matsalar take ba.

Ni ɗan Paki ne a yankin Ikara, na karanta kimiyyar kwamfuta, ban daɗe da kammala bautar ƙasa ba. Wanda ya fara ɗora hannuna a kan kwamfuta shi ne yayana, ɗan farin mahaifinmu. Shi aikin gona ya karanta, amma ya koya wa kansa yaren kwamfuta na PHP don ya riƙa lissafin amfanin gona ba tare da ya roƙi kowa ba. Allah Ya yi masa rasuwa bayan kakar da ta wuce, a wani asibiti a Zariya. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a.

Yaya ya shafe shekaru yana zaɓen iri daga farar masarar da muka gada wajen kakanmu. Duk kaka sai ya bi gona yana ware goyon da ya fi cika, ya adana shi daban. A daminarsa ta ƙarshe ya ce lokaci ya yi da zai gwada aikinsa. Ya yanka gonarmu ta bakin hanya kashi-kashi a jere, ɓangaren hagu idan mutum ya tsaya a kan hanya ya shuka irinsa, ɓangaren dama kuma ya shuka irin da kowa yake saya a kasuwar Makarfi. Dukansu farare ne, ido ba ya bambanta su. Bai faɗa wa kowa wane iri ne a ina ba, wai kada masu zuba taki su yi wa nasa son kai. Taswirar gonar tana cikin laftof ɗinsa kawai.

Lokacin girbi ya zo Yaya yana kwance a asibiti. Abokinsa, wanda zan kira Lawal a nan, shi ya tsaya aka girbe kowane kashi daban, aka raba ƙwaya da totuwa, aka auna a sikeli. Ya rubuta nauyin kowane buhu a jikinsa da gawayi, ya jera buhunan a zaurenmu daidai yadda kashin gonar suke jere. Baba bai iya jira ba, ya kira Yaya a waya ya karanta masa lambobin ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya shigar da su yana kan gado. Daga baya Lawal ya turo masa nasa lambobin ta saƙo. Yaya mutum ne mai tsantseni, bai yarda da jeri ɗaya ba sai ya gwada shi da ɗayan. Ya sa jerin Baba da jerin Lawal cikin umarnin PHP mai suna array_diff, amsa ta dawo babu komai. Ya ɗauka jerin biyu daidai suke, ya ci gaba da lissafi da na Baba tun da shi ya riga shiga. Lissafin ya nuna irinsa ya fi na kasuwa. Ina gida lokacin da ya kira ya faɗa. Tun da aka kwantar da shi ban ji muryarsa da ƙarfi irin na ranar ba.

Bayan an share makoki na buɗe laftof ɗin da niyyar in tattara aikinsa kada ya ɓace. A nan na ga abin da ya hana ni sukuni har yau. Ku da kuka san PHP kun riga kun hango, amma bari in bayyana saboda masu koyo. Aikin array_diff shi ne ya ɗauki kowace lamba ta jerin farko ya duba ko tana nan a ko'ina cikin jeri na biyu. Bai damu da matsayinta ba. Idan ka ba shi uku, biyar, takwas, ka gwada da takwas, biyar, uku, zai ce maka babu bambanci. Da Yaya ya yi amfani da array_diff_assoc, wanda yake duba lamba tare da gurbinta, ko ma ya gwada jerin biyu da alamar daidai kai tsaye, da nan take kwamfuta ta nuna masa. Na ajiye jerin biyu kusa da juna, sai na ga lambobi iri ɗaya ne, amma farkon na Baba shi ne ƙarshen na Lawal. A saman layin kod ɗin, Yaya ya bar ɗan bayani cewa an tantance, babu saɓani, Alhamdulillah.

Ban yi gaggawa ba, domin ban san wane jeri ne daidai ba. Na tambayi Lawal, ya tabbatar mini daga hagu ya fara, kamar yadda Yaya ya umarce shi. Sannan wata safiya bayan mun gaisa na tambayi Baba, cikin hira kamar ba komai, ta ina ya fara karanta buhunan ranar nan. Ya dube ni da mamaki, ya nuna bangon zauren da sandarsa.

“Daga dama mana, Auta. Ana fara abin alheri da hagu ne?”

Baba almajirin allo ne tun yana yaro, kuma komai nasa da dama yake farawa, ko takalmi zai sa. Na koma ɗaki na juya jerin na sake lissafi. Nauyin da aka jingina wa irin Yaya na irin kasuwa ne. Nasa ne ya gaza, kuma tazarar ba ƙarama ba ce ga wanda gonarsa ita ce abincin gidansa.

Da a laftof maganar ta tsaya, da na gyara layi ɗaya na rufe na yi shiru. To amma Baba ya ɗauki sauran irin da Yaya ya adana, ya shuka shi a fadama da rani, da ƙarfinsa na tsufa, yana ban ruwa da kansa, ya hana a ɗauko masa ɗan ƙodago. Ya ce zai raba abin da ya girbe kyauta ga manoma ya zama sadaka mai gudana ga marigayi. Ku sani, saboda alkunyar ɗan fari, ban taɓa jin Baba ya ambaci sunan Yaya ba tun da na yi wayo, sai dai ya ce yaron nan. Ko ranar jana'iza bai yi kuka a gaban mutane ba. Wannan masarar ce kaɗai hanyar da na ga yana nuna abin da ke ransa. Labari ya riga ya kai Gubuchi da Likoro, mutane suna zuwa gaisuwa suna neman a tuna da su.

Na kai wa Lawal maganar, muka yi saɓanin da ba mu taɓa yi ba. Ya ce in ji tsoron Allah in bar mamaci ya huta, wai digiri ne yake ɗiba na har nake gyara wa wanda ya koya mini. Ya ce gwajin damina ɗaya ba hujja ba ne, wataƙila ƙasar ɓangaren dama ce ta fi ƙarfi, kuma hawan jinin Baba ba zai ɗauki wannan labari ba. Na ce masa maganarsa ta damina ɗaya gaskiya ce, amma ita ma ba ta tabbatar irin Yaya ya fi ba, kuma da sunan ya fi ake shirin raba shi. Ya ce to in je in faɗa wa tsoho da bakina cewa shi ya juya lambobin, shi dai babu ruwansa. Tun ranar ba ya ɗaga wayata.

Na yi tunanin in ce wa Baba a jinkirta a sake gwaji bana, ba tare da na faɗi dalili ba, amma na san zai tambaya, kuma ban taɓa yi masa ƙarya ba. Na yi tunanin in ɗora kuskuren gaba ɗaya a kan kod, in ɓoye maganar dama da hagu, sai na ga hakan ɗora wa wanda ba ya nan ne don ba zai iya kare kansa ba. Gaskiyar ita ce babu mai laifi a cikinsu. Uba ya karanta yadda ya saba, ɗa marar lafiya ya tantance da abin da ya sani.

Shekaranjiya wani dattijo daga Likoro ya zo, ina zaune ya shaida wa Baba cewa ya kai masarar da ya ajiye don iri inji an niƙa, tun da zai samu na marigayi. Baba ya yi murmushi ya ce kada ya damu. Da baƙon ya tafi, ya juyo gare ni.

“Hadari ya fara haɗuwa, Auta. Ranar Juma'a bayan an sauko za mu raba. Kai za ka riƙe mudu, kai ne ka san darajar aikin.”

Na ce to, Baba.

Don Allah 'yan'uwa, musamman malamai da manya da ke cikinmu, yaya zan yi? In faɗa masa kafin Juma'a, in karɓe abu ɗaya da ya rage yana tashi dominsa da safe? Idan faɗa ne ya wajaba, da waɗanne kalmomi ɗa yake fara irin wannan magana da mahaifinsa? Ko kuwa in riƙe mudun in auna wa mutane da hannuna, alhali ni kaɗai a wurin na san abin da nake zuba musu?