Rubutun Gefe

Al Qusais, Dubai
4 ga Maris

Uwata,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya. Ya sanyin Dublin? Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara leƙowa. Hajiyarku tana gaishe ki. Na rubuta da hannu na ɗauki hoto kamar kullum, don ni da danne-dannen waya ba ma shiri.

Na ji an ba ki damar ci gaba da bincike. Allah ya sa albarka, ko da yake har yau in abokaina a kasuwar Murshid Bazaar suka tambayi abin da kike karantawa, sai in ce Turanci in wuce. Ta yaya zan ce 'yata ta haye teku don koyon tsohon harshen Ailan, wanda su kansu 'yan ƙasar sai an fassara musu? Alhaji Muhsin sai ya yi wata guda yana min dariya.

Ga labari. Da na je Kano na taho da littafin fiƙihun nan da Malam, mahaifina, ya kwafa da hannunsa. Takardun a warwatse suke cikin gafaka, gefensu ya cinye, ga ƙananan rubuce-rubuce ko'ina kamar tururuwa ta bi ta kai. Jiya na kai wa wani mai ɗinkin littattafai a unguwar Al Sabkha. Na ce ya ɗinke, ya sa bango mai ruwan zinare, ya datse gefen ya yi daidai, khalas, shi ke nan. In kin zo hutu za ki ga abin kallo.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki, Ɗalhatu

Dublin
5 ga Maris

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Hajiya. Na kira ka sau huɗu ba ka ɗauka ba, na san kana wajen lodin kwantena. Don Allah, da ka karanta wannan, ka je ka hana mutumin nan datse gefen.

Baba, wannan tururuwar ita ce karatuna. Fiye da shekara dubu da suka wuce, malaman Ailan suna kwafar littattafai da Latin, kamar yadda Malam ya kwafa da Larabci. In kalma ta yi wuya, sai su yi bayaninta a gefe da harshensu na gida. Yawancin abin da muka sani na tsohon harshensu daga gefen nan ya fito. Ba bayani kaɗai ba. Wani ya rubuta cewa sanyi ya kama masa yatsu, wani ya yi ƙorafin tawada ta yi ruwa, wani ya roƙi mai karatu ya yi masa addu'a. Tsakiyar shafi ta marubucin littafin ce, gefe kuwa nan mai kwafa yake magana da bakinsa.

Daga baya masu ɗinki suka zo da kyakkyawar niyya irin taka, suka datse. Bincikena gaba ɗaya a kan jimlolin da wuƙa ta raba biyu ne. Wasu ba za a taɓa sanin ƙarshensu ba.

Ka gafarce ni in na yi tsawa. Tunda sunan mahaifiyarka ka sa min, yau dai bari in yi amfani da matsayina.

'Yarka,
Murjanatu

Al Qusais
7 ga Maris

Uwata,

Sallama da fatan alheri. Na makara.

Na bar kaya a tsakiyar titi na tafi Al Sabkha, ni da rabon da in yi gudu tun ina saurayi. Mutumin ya tarbe ni da murmushi, ya miƙo min littafi tsaf, gefensa sumul. Ba laifinsa, abin da na ce ya yi. Na tambaye shi ina abin da ya yanke, ya nuna min buhun shara a bayan injin yankan takarda. Na durƙusa da babbar rigata ina tona, yana cewa "shwaiya shwaiya, haji," wato in bi a hankali, yana zaton na zautu. Daga baya shi ma ya durƙusa. Mun tsince siraran yankuna fiye da ɗari biyu, suna nan cikin kwalin takalmi.

Da na dawo na sa tabarau na duba abin da ya rage a gefen. Ashe ajami ne, Hausa ce zalla. Shekara nawa littafin nan yana gidanmu a Kano ban taɓa kula ba. Akwai inda ya ce zazzaɓi ya hana shi rubutu kwana uku. Akwai inda ya ce akuya ta zubar masa da tawada, har na yi dariya ni kaɗai.

Sai na zo wani shafi a babin tafiya. Ga abin da ke gefe: "Yau Ɗalhatu ya tafi fatauci, ban" shi ke nan, wuƙa ta ɗauke sauran.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Malam ya so in gaje shi a zaure, ni kuwa na ajiye karatu na bi kasuwa. Ranar da zan tafi Legas kowa ya raka ni tasha ban da shi. Ya rasu kafin in dawo. Shekara talatin da takwas ina ɗauke da wannan. Yanzu ga shi ya fara min magana, ni da kaina na sa an yanke masa harshe. Ban me? Ban yarda ba? Ban yafe ba? Tsoro nake ji, Uwata, amma ina so in sani. Yankunan sun yi yawa, duk kama ɗaya. Gaya min yadda ake yi.

Babanki

Dublin
8 ga Maris

Baba,

Ina gaisuwa. Na karanta wasiƙarka sau uku, na yi kuka. Na gode da ka gaya min. Na kuma gode da durƙuson da ka yi a gaban buhun nan. Malamarmu ta ce da masu littattafan da muke aiki a kansu sun yi haka, da rabin wahalarmu babu.

Ga yadda za ka yi. Ka kashe fanka. Ka shimfiɗa baƙin ƙyalle a kan tebur, ka jera yankunan ɗaya-ɗaya. Kada ka sa gam ko salatif, komai ƙanƙantarsa. Kada ka fara da karanta su, don zuciya za ta zaɓar maka wanda take tsoro ko wanda take so. Takardar za ka tambaya. Ka duba shafin: akwai tabon ruwa da ya kai baki? Akwai hudar da ƙwaro ya yi? Tawadar baƙa ce ko ta koma ja? Ka ɗaga shafin a hasken taga, za ka ga wasu siraran layuka a jikin takardar, dole su haɗu da na yankin. Sannan wutsiyar harafin ƙarshe, in wuƙa ta ratsa ta, ragowarta tana can.

Sai komai ya dace sannan ka karanta. Ba zan yi maka alkawarin abin da za ka samu ba, Baba, aikinmu ya hana. Amma ko me ya rubuta, ya zauna ya fiƙe alƙalami ya rubuta sunanka a ranar.

Ina tare da kai da addu'a.
Murjanatu

Al Qusais
12 ga Maris

Uwata,

Sallama. Kwana huɗu ban je kasuwa ba. Hajiyarku ce ta gano yankin yau da hantsi, ta tabon ruwa, ni kuma na ga wutsiyar nun ta haɗu. Na bi ƙa'idarki, ban karanta ba sai da layukan takardar suka dace.

"Yau Ɗalhatu ya tafi fatauci, ban raka shi tasha ba kada ya ga idona ya fasa. Allah ka tsare min shi."

Na gode, Uwata. Allah ya saka miki, ya saka wa waɗanda suka koya miki. Sai na sake rubutowa.

Babanki,
Ɗalhatu ɗan Malam