Iskar da Mijinki Ya Ƙara wa Taya

Guangzhou, 3 ga Yuli, 2008

Ƙanwata Hajjo,

Assalamu alaikum. Ya yara, ya ƙafar Inna? Allah Ya ƙara sauƙi. Ni lafiya lau, ban da abin da mijinki ya jawo mini.

Kin san ina kula da tsohuwar motar tseren maigidana, da muke kira laoban, wato oga da Sinanci, mai kujera ɗaya da tayoyi a waje. Da gangan nake barin tayarta da ɗan laushi, domin in ta ɗau zafi a guje, iskar na ƙaruwa da kanta.

Ranar Asabar mijin naki Abdulrasheed ya biyo ni filin gwaji, wai kallo. Ina sallar azahar, bawan Allahn nan naki mai sayar da jakunkuna ya shuri taya, ya ji laushi, ya ɗura mata iska kamar tirelar albasa za ta Legas. Tayar ta ƙi kama ƙasa. A lanƙwasa ta uku motar ta wulwula da laoban cikin ciyawa. Allah Ya tsare, bai ji ciwo ba.

Wai, "Yaya, taimako na yi." Taimako! Shekara arba'in ina faci a Ƙofar Ruwa, na taɓa koya masa ɗinkin jaka?

Saboda ke ban ambaci sunansa ga laoban ba. Amma bizata ƙarshen wata za ta ƙare, ga wasannin Olamfik sun sa an tsananta, kuma da takardar laoban ake sabunta ta. Jiya na tambaye shi, ya ce "meiyou", wato babu.

Kar Inna ta ji. Ki dai ce wa uwargidana kada ta sayar da injin iskata tukuna.

Yayanki,
Sirajo